Kabad ɗin da Dorina Ta Wanke

Akwai wata mata a ƙauyenmu mai suna Dorina. Waɗanda suka fito daga kwarinmu cikin masu bibiyar shafin nan sun san gidansu, na bayan coci, mai bishiyar tuffa a ƙofa.

Shekara goma sha tara Dorina ta yi a Italiya tana jinyar tsofaffi. Ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta juya su a gado. Biyar daga cikinsu a hannunta suka cika. Duk shekara takan zo gida sati biyu, ta cika wa mahaifiyarta Saveta ɗaki da tsaraba, ta koma.

Wata rana maƙwabciyarsu Aglaia ta kira ta a waya.

"Dorina, ki dawo gida. Jiya na tarar da mamanki ta ɗora tukunya babu ruwa, ta zauna tana kallon hayaƙi. Har tana tambayata ko Toader ya dawo daga daji."

Toader mahaifin Dorina ne. Shekararsa goma sha biyu a kabari.

Dorina ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta ajiye aikinta, ta tattara kayanta, bayan bikin Ista da sati ɗaya tana gida.

Dole in faɗi gaskiya a nan, don kada wani ya ɗauke ta muguwa. Tana son uwarta. Ta gyara rufin da ke yoyo. Ta sa aka gina banɗaki a cikin gida don tsohuwar ta daina fita cikin sanyi. Ita take taje mata kai, ita take yanke mata farce. Ko tuwon masara da cuku, sai ta taɓa da leɓenta ta ji zafinsa kafin ta miƙa mata.

Abu ɗaya ne ya tsone mata ido a gidan: kabad ɗin ɗakin girki.

Na katakon fain ne, itacen nan da ya rufe tsaunukanmu. Kakan Saveta ne ya yi shi da hannunsa. Kabad ɗin ya bi mahaifiyar Saveta gidan aure, daga baya ya biyo Saveta nata gidan. Ya haura shekara ɗari. An taɓa yi masa koren fenti da jajayen furanni, amma hayaƙin murhu ya mayar da shi kusan baƙi. Gefen ƙofarsa ta hagu ya lotsa, ya yi santsi, daidai inda hannu yake kamawa. Durowar cokula kuwa ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga ta, kuma sai ta yi ƙara kamar kukan ɗan akuya.

Saveta takan tashi da safe a ruɗe, ba ta san rana ba, ba ta san shekara ba. Sai ta lallaɓa ta isa wurin kabad. Ta kama ƙofar, ta ɗauki kofinta, ta ja durowa ta yi ƙararta. Daga nan abubuwa sukan fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta juyo ta ce, "Dorina, kin ba kaji hatsi?"

Dorina tana ganin wannan kullum. Ta ɗauka kofin shayi ne yake wartsake ta.

Ƙarshen bazara, ƙarfen da ke riƙe da ƙofar dama ya karye, ƙofar ta faɗo, kaɗan ya rage ta sauka a ƙafar tsohuwar. Ranar Dorina ta aika aka kira kafintan ƙauyen, Gavril, wanda kowa ke kira Badea Gavril don girmamawa. Ya haura saba'in, kuma babu gidan da ba shi da kujera ko akwatin da ya taɓa gyarawa.

Tana ganinsa ta ce, "Badea Gavril, ashe kana nan da rai? Na ɗauka ƙwaro ya cinye ka tare da katakanka."

"Sun ɗanɗana sun tofar, 'yar Toader, na yi musu ɗaci. Ke kuma na ga Italiya ta ƙara miki baki, gaisuwa ce ba ta koya miki ba."

Suka yi dariya. Ya ajiye jakarsa, ya daɗe yana zagaya kabad ɗin. Ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can, ya durƙusa ya duba ƙafafunsa. Yana cikin haka Saveta ta shigo, ta wuce shi, ta kama ƙofar hagu ta ɗauki faranti. Gavril ya bi hannunta da kallo.

Da ya miƙe ya ce, "Aikinsa kaɗan ne. Ƙarfen ƙofa ɗaya. Ƙafar baya ƙwaro ya ci, zan canza ta, in ɗura magani a ramukan nan. Sai a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, da tsumma, a hankali. In ya bushe, a shafa masa kakin zuma. Shafa uku, kwana biyu tsakani. Kuma a nan zan yi aikin, ba za a raba shi da bangon nan ba."

"Da wannan baƙin a jikinsa?"

"Dattin zai fita. Abin da ya rage ba datti ba ne, shekaru ne."

"A'a. Ni so nake a kankare shi tas, katakon ya fito fari, a shafa masa man sheƙi. Na ga irinsa a Padova, can Italiya, kana ganin fuskarka a jiki."

"In fuskarki kike son gani, sayi madubi, ya fi araha."

"Ba wasa nake ba, Badea."

"Ni ma na daina. Saurara. Masu kankarewar nan a kwatarnin ruwan soda, irin ta haɗa sabulu, suke tsoma kaya. Fain itace ne mai laushi, shan ruwa yake. Sodar za ta cinye fentin, ta cinye gam ɗin da ke riƙe da gaɓoɓinsa, ta sa jikinsa ya yi kaushi. Dole su bi shi da inji su fere. Man sheƙin kuma rufe katako yake kamar an sa masa leda. Kaki shiga yake ciki, ya bar shi yadda yake."

Sai ya rage murya, ya matso kusa da ita.

"Kin lura da yadda mamanki take kama ƙofar nan? Idonta ya fara yi mata ƙarya, hannunta ne bai fara ba. Da shi take gane gidan nan. Kada ki taɓa mata wurin da ta saba taɓawa."

Wannan maganar ce ta ɓata wa Dorina rai. Da a kan katako ya tsaya, wataƙila da ta saurare shi. Amma kafintan ƙauye ya koya mata jinya?

Ta ce, "Tsofaffi biyar masu irin ciwon mantuwar nan na yi wa jinya, Badea Gavril. Da manyan likitoci na yi aiki. Haske suke buƙata da tsabta, ba tarkace ba. Kai nawa ka yi jinya? Ka dai faɗi gaskiya, hannunka rawa yake, ba ka iya babban aiki yanzu. Kaki! Sai ka ce a zamanin kakanni muke."

Gavril ya dubi hannayensa. Rawa suke kuwa. Ya ɗauki jakarsa, ya sa hularsa.

"Suna rawa, ba ki yi ƙarya ba. Amma ba da su za a yi wannan ɓarnar ba. Sai an jima, Saveta."

Tsohuwar ta ɗago ta ce, "Gavril, ka ce wa matarka ta dawo mini da rariyata, ba kyauta na ba ta ba."

Ya yi murmushi ya fita.

Ranar Lahadi, Aglaia ta kai Saveta coci. Kafin su dawo, motar wasu masu gyaran tsofaffin kaya daga birnin Suceava ta zo ta ɗauke kabad ɗin. Abin da ya rage a bango, farin tabo ne mai kusurwa huɗu.

Washegari Saveta ta tashi, ta lallaɓa zuwa bangon. Ta miƙa hannu, ta kama iska. Ta sake miƙawa. Ta tsaya a wurin har shayin da aka zuba mata ya huce.

"Gyara aka kai shi, Mama. Zai dawo da kyau, za ki gani."

Saveta ta koma ta zauna. Ranar ba ta tambayi kaji ba.

Kwana na huɗu Aglaia ta ja Dorina gefe. "Matar nan ba ta cin abinci sai an tura mata. Ki kira su su dawo da shi yadda yake, ko da ƙofa ɗaya."

"Haka suke yi in an canza musu abu, daga baya su saba. Na san aikina, Aglaia."

A lokacin ma an riga an tsoma shi a soda.

Kwana goma sha biyu kabad ɗin ya yi a can. Da aka sauke shi daga mota, mutanen layin suka fito kallo, wasu har suna yabawa. Ya zama ruwan ɗorawa, yana ɗaukar ido. Babu kore, babu furanni. An fere gefen ƙofar ya miƙe sak. An sa masa sababbin mariƙai na ƙarfe. Durowar tana zamewa shiru kamar an shafa mata man shanu. Warin man sheƙi ya cika ɗakin girki.

Dorina ta jera faranti da kofuna a inda suke a da. Ta riƙo hannun uwarta tana murna.

"Mama, duba! Kabad ɗin kakanki ne, ya koma sabo."

Saveta ta ɗora hannu a ƙofar hagu. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, tana neman wani abu. Ta ja durowa. Shiru. Ta mayar, ta ɗaga ta kaɗan, ta sake ja. Shiru.

Ta janye hannunta, ta goge shi a zanenta. Ta dubi sabon rufi, ta dubi ƙofar banɗakin da ba ta nan a da, ta dubi farin bango. Sannan ta dubi Dorina da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, gidan wa ne nan?"

"Gidanki ne, Mama. Ni ce Dorina."

"Kin yi kirki da kika saukar da ni. Amma ki taimaka ki mayar da ni gida, na bar wuta a murhu."

Dorina ta yi dariyar dole, ta ce gobe za ta warware. Gobe ta zo, jibi ta zo, ba ta warware ba.

Tun daga ranar, kullum da safe Saveta takan ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ta ƙulle 'yan kayanta a tsumma, ta zauna a benci kusa da ƙofa. In an kawo abinci takan ce ta gode, ba ta son ta zame wa mutane nauyi. In Dorina ta zo yi mata wanka, sai ta ƙanƙame rigarta tana kuka, wai ba ta tuɓewa a gidan mutane.

Wata rana Dorina ta zauna kusa da ita ta ce, "Wa kike jira?"

Fuskar tsohuwar ta yi haske. "'Yata. Tana Italiya, tana kula da tsofaffi. Yarinya ce mai hankali, ba ta taɓa saɓa mini ba. In ta zo za ta mayar da ni gida."

Dorina ta tashi ta shiga rumbun itace, ta toshe bakinta da hannu don kada a ji ta.

Ta gwada duk abin da ta koya. Ta liƙa hotuna a bango. Ta rera mata waƙoƙin da. Ta kai ta wurin likita a birni, aka canza magani. Ta zagaya da ita bayan coci ta dawo da ita ta ƙofar gaba, ta ce, "Ga shi mun iso gida." Saveta ta shiga, ta nufi kabad, ta shafa ƙofar, ta juyo.

"Kin yi ɓatan hanya, baiwar Allah."

A watan Nuwamba, da rana tsaka, Dorina tana bayan gida tana shanya. Da ta dawo, benci babu kowa, ƙullin kayan ma babu. Rabin ƙauyen ya fita nema. Wajen la'asar aka same ta a bakin rafi, can ƙasa da tsohon injin niƙa, zaune a kan dutse, jiƙe har ƙugu. Ta yi ƙoƙarin hayewa ne. Leɓɓanta sun yi shuɗi, tana ta ba masu ɗaukarta haƙuri don ta wahalar da su.

Sanyi ya kama mata ƙirji. Likita ya zo ya duba, ya rubuta magani, ya ce a ajiye ta kusa da murhu. Yadda ya kauce wa idon Dorina ya ishe ta bayani.

Da safe ta tafi shagon Gavril. Tun ranar da ta ci masa fuska ba su yi magana ba. Ta tsaya a ƙofa, ta kasa shiga.

"Badea Gavril, ka zage ni in kana so. Amma ka zo ka mayar da shi yadda yake."

Bai zage ta ba. Bai ma ce ai na faɗa miki ba. Ya ɗauki jakarsa da wani ƙaramin gwangwani, ya bi ta.

Ya shafa jikin kabad ɗin, ya duba gaɓoɓin da suka fara buɗewa saboda sodar da suka sha. Ya girgiza kai.

"Man sheƙin zai kankaru. Kaki zai shiga. Zan iya haɗa launi in sa ya yi duhu. Amma fentin kakanta ya tafi a kwatarninsu. Lotsawar ƙofar nan kuma hannun mata uku ne ya yi ta cikin shekara ɗari. Ba ni da abin da zan yi ta da shi."

"Ka gwada. Don Allah."

"Ni hannuna ba zai iya kankara ba, kin riga kin sani. Ke za ki yi."

Ya nuna mata yadda ake riƙe gutsuren gilashi a karkace, a ja shi bin tsawon katako. Ba ta yarda a fitar da kabad ɗin waje ba. A nan ɗakin girki ta yi, uwarta tana kwance a gado kusa da murhu, numfashinta yana ƙara. Kwana uku tana kankarar ƙofar hagu da durowa. Yatsunta suka tsage, ta naɗe su da tsumma ta ci gaba. Gavril ya cire sababbin ƙarafan durowar, ya yi ta fama ko za ta yi ƙararta ta da. Ta yi wata ƙara, amma ba ita ba ce.

Rana ta huɗu ya ɗora gwangwanin a gefen murhu, kakin ya narke. Dorina ta tsoma tsumma ta fara shafawa. Ƙamshin zuma da na ɗanyen katako ya tashi.

Saveta, wadda ta kwana biyu ba ta yi magana ba, ta buɗe ido. Ta ja numfashi a hankali.

"Wannan ƙamshin gidanmu ne."

Dorina ta saki tsumman, ta durƙusa a gaban gadon.

"Shi ne, Mama. Shi ne."

"Ashe mun yi kusa?"

Dorina ta dubi Gavril. Ya sunkuyar da kai.

"Mun yi kusa, Mama."

"To ki ƙara sauri, baiwar Allah. Kada Dorina ta iso ta tarar babu kowa."

Maganarta ta ƙarshe ke nan. Bayan kwana biyu ta rasu, da hantsi, hannunta a cikin na 'yar da take jira.

Bayan jana'iza likitan ya ce wa Dorina ciwon ba ya tsayawa, ko ba a taɓa komai a gidan ba, wata rana dole ta manta ta. Gavril ma ya maimaita mata haka, don ya sanyaya mata zuciya.

Ta ce, "Na sani. Amma ko da wata shida ne suka rage tana gane ni, ko uku, ko sati ɗaya, rabona ne. Ni na zubar da su."

Ba ta koma Italiya ba. Tana nan a gidan ita kaɗai. Ba ta ƙarasa aikin kabad ɗin ba, kuma ta hana Gavril ya ƙarasa. Ƙofa ɗaya ta sha kaki ta yi duhu, ɗayar tana nan da sheƙinta.

Satin da ya wuce na je gidan, na tambaye ta ko ta yarda in rubuta labarinta. Na ce zan canza suna, in sassauta maganganun da ta faɗa wa dattijon nan. Ta daɗe tana juya kofi a hannunta.

Ta ce, "Rubuta da sunana. Kuma kada ka kankare komai. Ka bar ni yadda nake."

Darasi: Ba duk abin da ya tsufa ne yake neman a sabunta shi ba, kuma ba duk baƙi ne datti ba. Kafin ka gyara wa tsoho kayansa, ka zauna ka kalli yadda yake taɓa su. In wanda ya san aiki ya ce maka a hankali, kada iliminka ya toshe maka kunne, don garin neman gira ake rasa ido, kuma ƙauna ma tana ɓarna in ta haɗu da girman kai. Ku tura wannan ga duk wanda yake kula da iyayensa da suka manyanta, wataƙila ya isa gare shi kafin motar ɗaukar kaya ta iso.